Kayan ɗaukar tallar fim: waya, ƙaramar kamara ko haya, wanne ya dace da aljihunka?

Wanda ya yi zamanin kaset zai tuna cewa kafin fim ya fara sai an sha tallace-tallacen fina-finan da ke tafe, galibi guntun waƙa da ɗan faɗa da kuka, ga murya tana shelanta sunayen jarumai. Wannan ɗan bidiyon shi ke sa dillalan Ƙofar Wambai su san abin da za su sara. Yau kaset da CD sun tafi, kasuwa ta koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24, amma ɗan bidiyon nan bai tafi ba, ƙaruwa ma ya yi. Fim mai dogon zango da ke fita duk mako yana buƙatar talla duk mako: gutsuren abin da zai zo, hirar jaruma a lokeshin, dariyar bayan fage, daƙiƙa talatin na sitatus. Furodusoshi da dama, musamman masu tasowa, suna tambayata wace kamara za su saya don wannan aiki. Ni aikina haɗa hoto ne, a gaban kwamfuta nake ganin sakamakon abin da aka saya, don haka daga nan zan yi magana.

Abu na farko, a raba aiki biyu. Babbar talla, wadda ake sawa a tasha ko a sinima, daga cikin fim ɗin kansa ake yanko ta, da kamarar da aka ɗauki fim. Ba ta buƙatar sayen komai sai edita mai kai da lokaci. Abin da ke buƙatar kayan aiki na daban shi ne bidiyon gefe, wanda ake ɗauka ana tsaka da aiki ko lokacin hutu. Ba za ka tsayar da darakta da ma'aikata ashirin don a juyo babbar kamara a ɗauki jarumi yana gaida masoya ba. Dole a samu wani abu a hannun wani mutum daban. To wane abu?

Waya ita ce zaɓin da mutane ke rainawa, kuma ita na fi ba da shawara ga mai farawa. Dalilin a bayyane yake: inda za a kalli bidiyon nan a waya ne, a tsaye, a TikTok da Instagram da sitatus na WhatsApp, bayan manhajar ta matse shi ta rage masa kyau. Bambancin da ake gani tsakanin babbar kamara da waya mai kyau a allon edita, rabinsa ya ɓace kafin ya isa ga mai kallo a Hotoro ko Maraɗi da ke tattalin data. Sannan jarumai sun fi sakin jiki a gaban waya. Da zarar an saita musu babbar kamara sai su shiga wasa, alhali abin da mai kallo ke so a bayan fage shi ne ya ga mutumin kamar yadda yake.

Sai dai ba kowace waya ba. Ka duba abu uku: tana riƙe hoto ba tare da rawa ba in ana tafiya, tana ɗaukar 4K, wato bidiyo mai tsananin fitowa tar, kuma tana da wurin ajiya aƙalla 256GB. iPhone daga 13 zuwa sama da manyan Samsung na jerin S duk suna yi. iPhone 15 Pro, wadda ta fito a 2023, ta zo da kafar USB-C, ana iya jona mata rumbun ajiya na SSD ta riƙa zuba bidiyo kai tsaye a ciki. Akwai manhajar Blackmagic Camera, kyauta ce, tana ba ka damar saita haske da launi da hannunka maimakon waya ta yi ta canzawa da kanta. Raunin waya biyu ne kuma na gaske ne. Ba ta son duhu, ɗaki marar isasshen haske zai ba ka hoto mai yashi-yashi. Kuma ba ta son zafi. A watan Afrilu a Kano, rana na haura digiri 40, waya za ta yi zafi ta dusashe allo ko ta katse ɗauka. In za ka saya ta hannu a kasuwannin waya na Farm Centre ko titin Beirut a Kano, ka duba lafiyar batir, ka ɗauki bidiyon minti goma a nan shagon ka ga ko za ta jure. Kuma ta zama wayar aiki ce kawai. Wayar da ake kira a cikinta ana tsaka da ɗauka ta riga ta ɓata maka hira.

Tsakanin waya da kamara akwai wata 'yar na'ura da nake ganin an yi ta kamar don wannan aikin, wato DJI Osmo Pocket 3. Ta fito a 2023 a kan dala 519. Tsawonta bai kai tafin hannu da yatsu ba, kanta na zaune a kan abin daidaita hoto, ko gudu kake yi hoto ba ya girgiza. Sansarta, wato ɓangaren da ke karɓar haske ya mai da shi hoto, ta inci ɗaya ce, shi ya sa ta fi yawancin wayoyi haƙuri da ƙarancin haske, kuma tana bin fuska da kanta. Tana ɗauka a kwance, tana ɗauka a tsaye. Ga mai bin jarumai daga ɗakin kwalliya zuwa gaban kamara, ko mai shiga cikin taron ranar haska fim, ban ga kamarta ba. Aibinta shi ne kan nata mai laushi ne, faɗuwa ɗaya na iya gamawa da shi, ƙurar hunturu kuma ba ta yi masa daɗi. Idonta, wato gilashin gaban kamara (lens), ɗaya ne mai faɗi, ba ya canzuwa, ba za ka jawo fuska daga nesa ba. Kuma ba ta dace da hoton fosta ba.

A nan ne ƙananan kamarori masu canjin ido suke shigowa, kuma a nan ne aka fi asarar kuɗi, don haka zan ɗan daɗe. Fa'idarsu ita ce jifa ɗaya tsuntsu biyu: su ɗauki bidiyon hira mai kyau wanda bayan mutum ya dishe fuskarsa ta fito, su kuma ɗauki hotunan fosta da na fuskar bidiyo a YouTube. Wannan hoton na fuskar bidiyo kuwa ba ƙaramin abu ba ne, shi mutum ke gani kafin ya yanke shawarar dannawa.

Sony ZV-E10 ta 2021 ta fito a kan dala 699 ba tare da ido ba. Tana kama fuska da sauri, allonta na juyowa, tana da kafar makirufo. Amma jikinta ba shi da abin hana girgiza, kuma ƙaramin batirinta ba ya nisa, sai ka tanadi uku ko huɗu. Yayarta a6400 ta 2019 kusan hoto ɗaya suke bayarwa, ta fi ta ƙwarin jiki kuma tana da wurin leƙawa da ido, abin da za ka gode masa in rana ta hana ka ganin allo. Sony a7 III ta 2018 ta fi su girman sansa, ta fi su iya dare, batirinta babba ne, kuma tana cin memori biyu a lokaci guda, in ɗaya ya lalace ɗayan na nan. Ta hannu tana yawo sosai a kasuwa saboda masu ɗaukar biki sun yi yayinta. Sai dai idanunta sun fi tsada, wannan kuma shi ne abin da mai saye ke mantawa: kuɗin kamara somin taɓi ne, kuɗin ido ke biyo baya.

Canon M50 ita ce nake so a yi hattara da ita, domin tana da araha kuma masu shago na yawan miƙo ta. Launin fatar da take bayarwa yana da kyau, a 1080, matakin hoto na ƙasa da 4K, ba ta da laifi. Amma in ka sa ta a 4K sai ta yanke gefen hoto sosai, kuma tsarinta mai kyau na kama fuska ya daina aiki. Bugu da ƙari Canon ta daina ƙera wannan jerin na M tun 2023. Sayenta yau kamar gina gida ne a filin da ba a ƙara shimfiɗa masa hanya ba. In an ba ka ita da rahusa sosai kuma 1080 ya ishe ka, to, amma kada ka zuba kuɗin idanu a kanta.

Sai manya, irin su Blackmagic Pocket 4K ta 2018, mai dala 1,295 a lokacin fitowarta, da Sony FX30 ta 2022 mai dala 1,799. Waɗannan kamarorin ɗaukar fim ne. Blackmagic tana ba da hoton da edita ke jin daɗin gyara launinsa, kuma sabuwa tana zuwa da lasisin manhajar haɗa hoto ta DaVinci Resolve Studio. Amma ba ta bin fuska da kanta, batirinta da ƙyar yake kai awa guda, fayilolinta kuma manya ne. A ba yaro ita ya bi jarumai da gudu, rabin abin da zai kawo dishi-dishi ne. FX30 ta fi sauƙin sarrafawa, tana da fanka a ciki, abin da ke da amfani ƙwarai a zafinmu. Duk da haka, in don talla kawai za ka saye ta, ka sayi rago ne don miyar kwana ɗaya. In kuwa ita ce za ta ɗauki fim ɗin gaba ɗaya, wannan wata magana ce daban.

Ga irin waɗannan, haya ta fi. A Kano, musamman wajen titin Zoo inda ofisoshin 'yan fim suka taru, ana samun masu ba da kamara da fitilu haya, sau da yawa tare da mai sarrafa su. Ka ware rana ɗaya, ka tara jarumai, a ɗauki hirarraki da hotunan fosta da gajerun saƙonni da za su ishe ka wata biyu. Haka nan jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi. Hoton sama na ganuwa ko na kasuwa yana ƙawata talla, amma daƙiƙa biyar kake buƙata, ga shi kuma a Najeriya tashinsa na buƙatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama (NCAA) da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Ka nemi wanda ya riga ya mallaki jirgi da takardu, ka biya shi aikin rana.

Yanzu ga inda nake so kuɗinka ya fara zuwa, kafin kamara: murya. Mai kallonmu mai sauraro ne. Zai haƙura da hoton da bai kai ba, amma ba zai haƙura da hirar da ƙarar janareta ta cinye ba. An taɓa kawo mini hirar wata jaruma da aka ɗauka da kamara mai tsada, ta faɗi magana mai ratsa zuciya a kan rawar da ta taka, irin wadda za ta iya ɗaukar talla ita kaɗai. Babu makirufo a jikinta, janareta na bayan katanga, iska na kaɗawa. Na kwana biyu ina ƙoƙarin ceto muryar, ba ta cetu ba, aka jefar da ita. Har yau abin na yi mini ciwo. Ƙaramin makirufo marar waya da ake maƙalawa a wuyan riga, irin su Rode Wireless GO II ko DJI Mic, ko Hollyland da Boya ga mai ƙaramin ƙarfi, da ya tsare wannan asara. Ka zaɓi mai baki biyu don hirar mutum biyu, mai 'yar hular gashi ta tare iska, kuma in da hali wanda ke ajiye murya a cikinsa ko da sadarwa ta yanke. Ga mata masu mayafi, a maƙala shi inda yadi ba zai riƙa gogarsa ba.

Bayan murya, ajiya. Bidiyon 4K a kan megabit 100 a kowace daƙiƙa yana cin kusan 45GB a awa ɗaya. Memori na jabu ya cika kasuwa, an rubuta 128GB amma in ya kai wani wuri sai ya fara cinye abin da ke ciki. Ka saya wurin wanda za ka iya komawa, ka cika shi taf da bidiyo ka buɗe su duka kafin ka kai shi lokeshin. Kowane dare a kwafe aikin ranar a rumbu biyu, kada su kwana a jaka ɗaya. Sai fitila ɗaya mai batir, da mazauni mai ƙafa uku, da babban fawa bank, tunda ba wanda zai dogara da wutar NEPA a ƙauyen da ake ɗaukar fim. Wani ɗan abu kuma: wutar lantarkinmu mai zagaye 50 ce a kowace daƙiƙa (50Hz), in ka ga hoto na ƙyafta-ƙyafta a ƙarƙashin ƙwan lantarki, ka mayar da ɗauka zuwa firam 25, wato hotuna 25 a daƙiƙa, da saurin shata (buɗewa da rufewar kamara) 1/50. Yawancin wayoyi a 30 suke zuwa, sai ka canza da kanka.

Da za a ba ni kasafin furodusa mai fim ɗinsa na farko a YouTube, waya mai kyau ko Osmo Pocket 3 zan ɗauka, da makirufo mai baki biyu, da fitila, da rumbu biyu, ragowar in biya mutum ɗaya wanda ba shi da wani aiki a lokeshin sai wannan. Ya san ya ɗauki kowane abu a tsaye da kwance, ya bar sarari a sama da ƙasa saboda rubutun manhaja, ya san kada ya ɗauko sirrin labari, kuma ya nemi yardar jarumi kafin ya ɗauke shi yana cin abinci ko yana gyara kaya. Mai fim na biyu ko na uku da ya fara ganin kuɗi, ya ƙara a6400 ko a7 III da ido ɗaya mai buɗewa sosai don hira da fosta. Kuma kafin a saki komai a Kano, a tuntuɓi Hukumar Tace Fina-finai ta jiha a ji ƙa'idarta, domin gutsuren daƙiƙa talatin yakan isa inda fim ɗin kansa bai isa ba tukuna.