Garin Tom Brown: wata bakwai ina dama wa yarona

Na fara sayen garin Tom Brown ne, wato garin kunun yara da ake haɗawa da hatsi da waken suya da gyaɗa, bayan an sallame mu daga ɗakin yara masu tamowa, kuma yau wata bakwai ke nan ban fasa ba. Wata baiwar Allah ce a layinmu take yin sa, tana ƙullawa a farar leda, babu tambari babu suna.

Ciki ne ya shige ni ina goyo, na yaye yaron yana da wata goma sha ɗaya. Koko da safe, koko da rana, ɗan tuwo da dare. Cikinsa na cika, ni kuma hankalina kwance. Da ƙafafunsa suka kumbura har murna na yi, na zaci ƙiba ce, sai da nas ta danna babban yatsanta a bayan ƙafar ta ɗaga, gurbin ya zauna kamar a kwaɓin fulawa. Ga gudawa kuma. Na roƙi a yi masa ƙarin ruwa, likita ya girgiza kai.

"Maman yaro, ki yi haƙuri," in ji shi. "Zuciya ma tsoka ce. Yadda kika ga damtsensa ya zube, haka ita ma ta sirance a ciki. In na ɗura masa ruwa ta jijiya da sauri, ba za ta iya turawa ba, sai ya taru masa a huhu."

Wallahi ban taɓa kawo wa raina cewa yunwa na cin zuciya ba. Da cokali aka riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari na musamman, sai madarar F-75, wadda ake fara ba masu tamowa a asibiti, duk bayan awa biyu, kafin a kai ga Plumpy'Nut, ledar nan mai giram 92 da muke kira madarar tamowa. Likitan ya ƙara mini abin da har yau yake hana ni barci wani lokacin. Ƙwayoyin tsokar zuciya kusan duk a ciki da farkon haihuwa ake samar da su, daga baya girma kawai suke yi, ba su cika ƙaruwa ba. Ya ce a 1989 wani likitan Ingila, David Barker, ya bi tsofaffin takardun awon jarirai na yankin Hertfordshire, ya tarar mazan da suka fi rashin nauyi suna da shekara ɗaya su ne ciwon zuciya ya fi kashewa bayan sun manyanta. Na shafa cikina, na tuna ni ma ba wani abin kirki nake ci ba.

To, garin kansa. Haɗin da aka koya mana a asibiti shi ne gero ko dawa awo shida, waken suya awo uku, gyaɗa awo ɗaya, a soya kowanne daban a niƙa tare. Waken suyan ne ƙashin bayansa, domin furotin ɗinsa, wato sinadarin gina jiki, ya ninka na gero sau uku, ga shi ba a tacewa a zubar da dusa kamar koko. Na matar layinmu yana da launin ƙasa-ƙasa, da an buɗe leda ƙamshin soyayyar gyaɗa ya cika tsakar gida. Nakan kwaɓa da ruwan sanyi, in juye a tafasasshen ruwa in yi ta juyawa har ya yi kaurin da zai tsaya a cokali. Kwana ukun farko tofarwa yake yi. Na sa ɗan sukari da manja, ya karɓa.

Aibinsa biyu na gani. Ba ya jure ajiya, saboda man gyaɗar. Ledar da na bari ta haura wata guda ta canja wari, sai zubarwa na yi. Na biyu ya fi ɓata mini rai. Akwai lokacin da nata ya ƙare na saya a kasuwa, ashe kusan zallar masara ce aka soya ta yi duhu. Wannan ha'inci ne a kan yaran da ba su da ƙarfin jure shi. Yanzu sai na tambayi awon, na lasa, in na ji gafin ɗanyen wake na san bai soyu ba.

Tsada kam ya fi koko nesa ba kusa ba, amma bai kama ƙafar madarar gwangwani ba.

Ina roƙon 'yan uwana mata abu ɗaya. In ƙafa ta kumbura, ko igiyar awon damtse ta faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, kada a tsaya dama Tom Brown a gida, asibiti za a nufa. Garin nan na yaye ne da na bayan sallama.

Ranar Talatar da ta wuce igiyar ta nuna kore, likita ya ɗora abin sauraro a ƙirjinsa ya daɗe, sannan ya ce alhamdu lillahi. Ni ma da nake goyon ƙanwarsa kofi guda nake sha kullum da safe.