Wata 8 da OPM3 a ofishinmu: abin da ya tona, da yadda manajoji suka daina gudunsa

Tambayar ba ta da wuya: shin kamfaninku yana da tsayayyar hanyar rufe aiki idan an kammala shi? Mu 11 ne a ɗakin taron, dukkanmu manajojin ayyuka, kuma kowa ya ce e ba tare da ya ɗaga kai daga wayarsa ba. Sai matar da muka ɗauko daga waje don ta jagoranci tantancewar ta ce, "To madalla, a kawo mini rahoton rufewa na ayyuka 3 na ƙarshe." Muka shiga kallon-kallo. Bayan kwana 2 ana bincike aka samo guda ɗaya, babu sa hannun kowa, a cikin kwamfutar wani da ya bar aiki tun bara. Daga ranar na daina yi wa OPM3 kallon takardar da ake cikewa don a faranta wa shugabanni rai.

Ga wanda bai san shi ba, OPM3 ma'auni ne da cibiyar PMI ta Amurka, mai tsara ƙa'idojin gudanar da ayyuka, ta fitar a 2003, bayan an fara aikinsa tun 1998, aka sake buga shi a 2008 da 2013. Mu bugu na ukun muka yi amfani da shi. Ba mutum ɗaya yake aunawa ba, kamfanin yake ɗorawa a sikeli, ya ga ko yadda ake gudanar da ayyuka ya zama ɗabi'ar gidan, ko kuwa yana cikin kan mutum biyu-uku ne waɗanda in suka tafi sai a koma gidan jiya. Yana duba fage uku: aiki guda mai wa'adi, tarin ayyuka masu alaƙa da ake tafiyar da su tare, da kuma kundin dukkan ayyukan da kamfani ya zuba wa kuɗi. A kowane fage akwai tsani mai hawa huɗu. A tsayar da hanya ɗaya da kowa zai bi, a riƙa auna ta, a riƙe linzaminta kada ta kauce, sannan a ci gaba da gyara ta.

Wannan jeri na huɗu shi ne abin da na fi amfana da shi. Mu a da daga sama muke farawa. Duk lokacin da aiki ya wuce wa'adi sai a kira taro a ce za a "inganta tsari", alhali babu wani tsari ɗaya da za a inganta, kowane manaja da irin fom ɗinsa, da irin yadda yake lissafin kashi nawa aka yi. Wani in ya ce aiki ya kai kashi 80 yana nufin kuɗin da aka kashe, wani yana nufin kwanakin da suka wuce, wani kuma abin da zuciyarsa ta raya masa ne kawai. Ta yaya za a kwatanta su? Ma'aunin bai gaya mana abin da ba mu sani ba, ya dai hana mu tsallake hawa na farko.

Amma yana da nauyi, nauyin gaske. Kyawawan ɗabi'un aiki da ya jero sun kai kusan 500, kuma da yawa kalmominsu iri ɗaya ne, hawan tsanin ne kawai ke sauyawa. In ka kai ta 60 idonka ya fara yaji, sai ka ga hannunka yana danna e da kansa. Tantancewar da mutum yake yi wa kansa kuwa, kowa ya san ba a mugun sarki sai mugun bafade, kuma a nan kai ne sarkin kai ne bafaden. Makin da muka ba kanmu a zagayen farko ya ruguje da aka nemi shaida. Akwai kuma abin da ya kamata mai sha'awa ya sani tun kafin ya shiga: a 2015 PMI ta daina sayar da cikakkun bayanan ƙananan matakan da ke ƙarƙashin kowace ɗabi'a, kuma a 2018 ta fito da wasu sababbin ƙa'idojin gudanar da ayyuka a matakin kamfani. Don haka littafin OPM3 zai nuna maka inda za ka, amma tsakuwoyin da za ka taka a hanya kai za ka jera abinka.

Shugabanmu ma bai ji daɗi ba da farko. Lamba yake so. "Wane mataki muke, na 2 ko na 3?" Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba ya raba mataki haka, yana nuna inda muka yi ƙarfi da inda muka yi rauni ne a kowane fage." Ya saba jin labarin CMM na Jami'ar Carnegie Mellon da P3M3 na Birtaniya, wasu ma'aunai irin wannan waɗanda duka suke da matakai 5. In abin da kake buƙata lamba ce da za ka nuna wa hukumar gudanarwa ko mai ba da kwangila, P3M3 zai fi yi maka sauƙi, ban ɓoye masa ba.

Inda muka fi shan wahala shi ne shawo kan abokan aikina. Kuskuren namu ne, ba na ma'aunin ba. Mun ƙaddamar da shi da dogon jawabi da allon majigi cike da zane-zane, manajoji suka fita suna cewa an kawo sabon ɗan sanda. Wani injiniya da ya girme ni a aikin da shekaru masu yawa ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Kai yaro, ni gada nake ginawa, ba fom ba. In an gama auna ni a gaya mini nauyina." Ban iya ba shi amsa ba, don a lokacin gaskiyarsa ce, aiki muka ƙara masa ba mu rage masa komai ba.

Sai muka sauya salo. Muka daina ambaton sunan ma'aunin gaba ɗaya, muka ajiye ɗaruruwan tambayoyin, muka tambayi kowa abin da ya fi ci masa tuwo a ƙwarya. Kusan baki ɗaya suka ce sauye-sauyen da ake jefo musu ta waya a tsakiyar aiki, a ƙara wannan a cire wancan, ba takarda, sannan in kuɗi ya ƙare a ce su ne ba su iya lissafi ba. Muka ɗauki wannan kaɗai muka hau da shi tsanin. Fom mai shafi ɗaya: wa ya nemi sauyin, kwana nawa zai ƙara, nawa zai ci, wa ya amince. Muka soke rahoton mako-mako guda 2 da babu mai karantawa don a sami lokacin cike shi. Bayan wata 3 muka fara ƙirga sauye-sauyen, sai ga shi mafi yawansu daga ofishin shugabanni suke fitowa, ba daga abokan ciniki ba kamar yadda ake ta faɗa. Taron da aka gabatar da wannan ya yi tsit sosai.

Injiniyan nan shi ne yanzu ba ya ɗaga cokalin siminti a kan sauyi sai ya ga sa hannu. Har yau bai san cewa abin da yake yi hawa na farko ne a OPM3 ba, ni kuma ban ga dalilin gaya masa ba.

Ga kamfani mai ayyuka da yawa a lokaci guda, wanda shugabanninsa za su iya jure jin cewa matsalar tana iya kasancewa a teburinsu, ina ba da shawarar a gwada shi, da sharaɗin a samo wani daga waje mai neman shaida, kuma a ɗauki yanki kaɗan. Ƙaramar tawaga mai aiki ɗaya ko biyu kuwa, ta karanta bayanin tsanin nan mai hawa huɗu ya ishe ta. Mu fagen kundin ayyuka ko taɓa shi ba mu yi ba tukuna. An sa shi a watan gobe, kuma tambayar farko a jerin ita ce wa ke da ikon dakatar da aikin da aka riga aka fara.