Hattara da mai tallar "maganin ƙuduji har abada"

Assalamu alaikum 'yan uwa manoma. Akwai wani mutum da ke bin kasuwannin ƙauye a kan babur, da lasifika da jarkoki, yana tallar maganin feshi da ya ce yana kashe ƙuduji "har jikokinsa", ya haɗa da tofa da jiji da kiri-kiri, duk gora ɗaya. Bara kawuna ya faɗa hannunsa. Bana kuma, damina na kawo kai aka sake ganinsa, shi ya sa na ce ba zan yi shiru ba.

Da hantsi yake zuwa, ya fesa maganin a kan ciyawar gefen kasuwa jama'a na kallo. Kafin la'asar ganye ya yi laushi ya fara ƙonewa, sai ya ɗaga murya: "Alhaji, ido ba mudu ba, amma ya san kima!" Nan take a yi masa caa. Maganin a gorar ruwa yake, babu takarda, babu sunan kamfani, babu lambar NAFDAC, babu ranar lalacewa. In ka tambaya, sai ya ce daga waje aka shigo da shi, manyan diloli ne ba sa son talaka ya san da shi.

Kawu ya sayar da buhun masara ya sayi gora uku. An ce masa ya fesa a ƙasa kafin shuka, ƙwayar ƙudujin za ta mutu a ciki. Tofar da ke gonar ta ƙone ƙurmus, ya yi murna. Mako uku bai cika ba ta sake tohowa shar. Da watan Agusta ya kama, ƙuduji ya fito da furensa kamar an yi shimfiɗa, dawa ta tsugune. Malamin gonar da ya duba sauran maganin ya ce duk alamun farakwat ne, wani maganin ƙona ciyawa, aka sirka da ruwa.

To, a nan yaudarar take. Farakwat ganyen da ya taɓa kawai yake ƙonawa, kuma cikin sauri, musamman in da rana. Ba ya sauka cikin saiwa. Ita kuwa tofa ƙarfinta a ƙarƙashin ƙasa yake, jiji kuma 'ya'yansa na nan binne kamar aya. Maganin da ke bin jikin ciyawa ya kai saiwa, irin gilaifoset, ba ya nuna aikinsa a yini ɗaya, sai an yi mako guda zuwa biyu. Shi ma sai ciyawar na da ɗanyen ganye, kuma ruwan da aka haɗa shi da shi ba mai laka ba ne, don laka na kashe masa ƙarfi. Saurin ƙunar da ke burge mutane a kasuwa shi ne shaidar cewa saiwa na nan da ranta.

Batun ƙuduji kuwa, wanda wasu ke kira wuta-wuta, ya fi wannan nisa. Ƙwayarsa kamar ƙura take, gindi ɗaya na zubar da dubun-dubatarta, kuma tana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 tana jiran saiwar dawa ko gero ko masara. Tana jin saiwar sai ta tsiro ta maƙale mata tana tsotsa. Kafin ka ga furen a sama, an riga an gama ɓarna a ƙasa. Duk wanda ya ce maka feshi ɗaya zai share wannan, wallahi kuɗinka yake so. Abin da ke rage shi sananne ne, sai dai yana son haƙuri: cire shi da hannu kafin ya zubar da ƙwaya a ƙone, zuba takin gida, juya shuka da waken suya ko gyaɗa ko auduga, waɗanda ke sa ƙwayar ta tsiro ta rasa abin kamawa ta mutu. Akwai kuma irin masara mai jure ƙuduji cikin jerin SAMMAZ da cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ta fitar.

Abin da ya fi asarar kuɗin tayar min da hankali shi ne gorar. Farakwat guba ce da ba ta da makari, kurɓi ɗaya na iya kashe babba, balle yaro. A ce an zuba wannan a gorar da yaranmu suka saba shan ruwa ko lemo da ita, an ajiye a zaure! Kawu ma ba takalmi ya yi feshin, ba abin rufe hanci, saboda babu takardar da za ta gargaɗe shi.

Sannan mu daina sayar wa yara masu yawo da buhu kwalaben magani da muka gama da su. Wasu wurin masu haɗa jabu ake kai su a cika da ruwa mai launi, a liƙe murfi, a dawo mana da su kamar sabbi. In ka gama da kwalba, ɗauraye ta sau uku ka juye a injin feshi, ka huda ta. In za ka saya, je shagon da gobe za ka iya komawa ka same shi, ka duba hatimin murfi da lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ka karɓi rasit.

Wanda ya riga ya sayi na mutumin nan, don Allah kada ya zubar a rafi ko kusa da rijiya. Ya ɗaure gorar a leda, ya ɗora inda hannun yara ba ya kaiwa, ya nuna wa malamin gona na yankinsa ko ya kai ofishin NAFDAC na jiharsa. In kun gan shi a kasuwarku, ku sanar da sarkin kasuwa tun bai kunna lasifikar ba.