Sharhi kan aikin wani kamfani da ya saita mana ma'ajiyar saƙonnin suwic

Na'urar suwic ta Cisco Catalyst 2960, wadda ke haɗa kwamfutocin ofis da juna, tana rubuta duk abin da ya faru da ita, sai dai idan ba a nuna mata wani wurin ajiya ba, a ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi take tara saƙonnin, kuma da zarar an ɗauke wuta sun tafi ke nan. A Kano, inda ake yawan sauyawa tsakanin wutar gari da janareta, wannan babbar matsala ce, shi ya sa ofishinmu da ke Titin Gidan Zoo ya ɗauko wani ƙaramin kamfani domin ya saita mana tsarin syslog, wato tsarin aika waɗannan saƙonni zuwa wata kwamfuta ta ajiye su.

Injiniyan da suka turo ya san aikinsa. Ya ware kwamfuta ɗaya domin karɓar saƙonnin, ya ba suwic adireshinta da umarnin logging host, saƙonni suka fara isowa ta tashar UDP mai lamba 514 (UDP wata hanya ce ta aika bayanai tsakanin na'urori). Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya zaɓi mataki. Syslog yana da matakai takwas, daga 0 na gaggawa zuwa 7 na bin diddigin matsala, kuma suwic yana aiko saƙonni ne daga 0 zuwa matakin da aka zaɓa, shi kuwa ya tsaya a kan 5, ya bayyana mana cewa da ya tsaya a 4 za mu riƙa ganin saƙon katsewar layi, amma ba za mu ga wanda ke nuna an taɓa saitin na'urar ba, alhali a ofis mai hannaye da yawa shi aka fi buƙata.

Bai manta da agogo ba. Irin wannan suwic kan koma 1 ga Maris 1993 duk lokacin da ya tashi, don haka injiniyan ya haɗa shi da NTP, wato tsarin daidaita agogon na'ura ta hanyar sadarwa, ya saita lokacin Najeriya, sannan ya zare kebul a gabanmu, nan take saƙon katsewar layi ya bayyana a allo da sa'a da minti daidai.

Inda suka gaza shi ne batun wuta. Sun bar kwamfutar ajiyar ba tare da batir ba, ga shi UDP ba ya tabbatar da isar saƙo, saboda haka duk abin da suwic ya aika kafin kwamfutar ta gama kunnuwa bayan ɗaukewar wuta ya ɓace. Ba su kuma bar mana takardar saitin a rubuce ba. Wanda zai ba su aiki ya sanya waɗannan biyun cikin yarjejeniya kafin ya biya kafin alƙalami.