Sharhi kan strace, kayan aikin gano matsalar manhaja, bayan dare uku ina neman awa ɗaya da ta ɓata

Wani Alhaji da ke dillancin dankalin turawa da kabeji a kasuwar Farin Gada a nan Jos ya ba ni aikin rubuta masa manhajar lissafin buhunan da ake lodi zuwa kudu. A kwamfutata komai daidai. Da na zuba ta cikin kwantenar Docker, wato ƙunshin da ke haɗa manhaja da duk abin da take buƙata, na ɗora a sabar, kwamfutar da manhajar za ta riƙa aiki a kanta, sai jimillar rana ta fara saɓa wa littafin yaransa. Ba kullum ba, sai ranar da aka yi lodin dare. Ya kira ni da asuba: "Malam, motar da ta tashi bayan sha biyu, na'urarka ta ce jiya ta tashi. Ni da wa zan yi rigima, da direba ko da kai?"

Kowa zai ce agogo ne, ni ma haka na ce. Najeriya tana gaban UTC, agogon da duniya ke auna lokaci da shi, da awa 1, to duk lodin da aka shigar tsakanin 12 da 1 na dare zai faɗa ranar da ta wuce. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne tun farko na riga na saita TZ, wato saitin yankin lokaci, zuwa Africa/Lagos, lokacin Najeriya, a cikin kwantenar. Na duba, yana nan. Manhajar ba ta yi kuka ba, ba ta rubuta kuskure ko ɗaya ba.

A dare na uku na koma ga strace. Tsohon kayan aiki ne, Paul Kranenburg ya fara rubuta shi a 1991 don babbar manhajar kwamfuta ta SunOS, daga baya aka kawo shi takwararta Linux. Aikinsa ɗaya: ya tsaya tsakanin manhaja da kanel, wato zuciyar babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ya rubuta duk abin da ta roƙa da amsar da aka ba ta. Wane fayil ta nemi buɗewa, an ba ta ko an hana ta. Abin da nake so game da shi ke nan, ba ruwansa da abin da kake zato, abin da ya faru yake nuna maka.

Shigarsa kwantena ya ɗan ba ni wahala. Na girka shi, na ce ya maƙale wa manhajar da ke gudana da -p, aka amsa mini da "Operation not permitted", wato ba a yarda ba. Ba laifin kowa ba ne, kwantena an yi ta ne don ta tsare irin wannan leƙen, sai da na sake tayar da ita da --cap-add=SYS_PTRACE, wanda ke ba da izinin leƙen. Ya maƙale, layuka suka yi ta zuba kamar ruwan Agusta, amma babu ko kalma ɗaya kan agogo. A nan na ɓata kusan awa biyu. Ashe manhajar tana neman bayanin yankin lokaci ne sau ɗaya, farkon lokacin da ta tambayi ƙarfe nawa, ni kuma na iso bayan an gama. Sai na kashe ta, na tayar da ita a ƙarƙashin strace tun daga tushe, da -f don ya bi 'ya'yanta, wato ƙananan ayyukan da take tayarwa, da -e trace=file don ya bar mini maganar fayiloli kaɗai.

Ko minti biyar ban yi ba na gan shi. Ta nemi fayil ɗin yankin lokacin, /usr/share/zoneinfo/Africa/Lagos, amsa ENOENT, wato babu. Ta leƙa wasu wurare biyu, nan ma babu, sai ta koma UTC shiru abinta. Na gina kwantenar ne a kan Alpine zalla, wani nau'in Linux wanda don ya zama ƙarami ba ya zuwa da tzdata, ƙunshin bayanan yankunan lokaci, alhali Ubuntu, nau'in Linux da ke kwamfutata, yana da shi. Layi ɗaya na girka ƙunshin, apk add tzdata, ya kashe maganar.

strace yana da nasa nauyin, gaskiya. Kowace buƙata sai ya tsayar da manhajar wajen shiga da wajen fita, don haka tafiyarta na raguwa sosai. Ba zan kunna shi a kan sabar Alhaji da rana tsaka ana cikin ciniki ba. Kuma idan ba ka tace ba, kuma ba ka tura sakamakon cikin fayil da -o ba, idonka zai gaji kafin ka ga abin da kake nema. Idan kuwa kuskuren a lissafinka yake, kamar ka haɗa inda ya kamata ka ɗebe, ba zai gani ba, domin wannan ba ya bi ta kanel. Izinin SYS_PTRACE ma na cire shi da na gama.

Amma ga matsalar da ke ɓuya a kwantena ta ƙi fitowa a kwamfutarka, yanzu shi nake fara ɗauka, tun kafin in taɓa layi ɗaya na manhajar. Kyauta ne kuma. Ranar Asabar da ta biyo baya da daddare an yi lodin mota biyu da sha biyu da rabi, na zauna da bargo ina kallon allo har suka shiga ranar Lahadi.