Na gwada korotalariya a garkar albasa, ga yadda muka ƙare

Garkarmu ta bayan Tawa ta gaji. Shekara da shekaru albasa a kan albasa, ƙasar ta yi tauri kamar daɓe, kuma kun san inda kuɗin buhun takin ure ya kai. Shi ya sa da damina ta kankama, cikin watan Yuli, na sayi tiya biyu ta irin korotalariya wurin wani mai iri a kasuwa. Dangin biya-rana ce ta daji. Ya ce mini in watsa kawai, in ta girma in binne ta zama taki.

Tsiro kam ta yi, ba laifi. Kwana 50 ta kawo mini ƙirji, ta fara fure ruwan ɗorawa, zuma ta cika wurin tun da asuba. Na tuge guda na ga ƙulle-ƙulle a jikin saiwar irin na wake, na fasa ɗaya da farce, cikinsa ja-ja. Nan ne take tara abin da muke saye a buhun ure. Wallahi ranar raina ya yi fari.

To ga inda aka cuce ni. Mutumin nan bai gaya mini cewa da fure ya fara fitowa ake sare ta ba. Ni kuwa na ga kyau, na bar ta har ta kusa wata uku, ta wuce tsayina, ta fara kwasfa. Ranar da muka shiga da ƙanena, karan ya zama itace, ga zare kamar na rama yana naɗe adda. Kwana huɗu muna sara muna daddatsawa, hannuna duk kanta. Baba ya zo ya tsaya a bakin shinge ya ce, "Kai yaro, ciyawar da tumaki za su ci kake turbuɗewa?" Ban iya ba shi amsa ba. Ƙarshe sai shanun huɗa na ɗauko haya, kuɗin da ban shirya ba. Mako uku da ganyen ya ruɓe, kararen suna nan, muna tsince su ɗaya-ɗaya lokacin yin fangali.

Amma gaskiya ɗaya ce, da muka dasa albasa ƴar Galmi cikin Nuwamba, gefen da aka binne ya bambanta. Yatsa na shiga ƙasar, ruwa na zama, ban tada injin ban ruwa kamar bara ba. Ganyen albasar ya yi kore shar, ure kuwa rabin abin da na saba na zuba. Baba da kansa ya ce in ajiye masa iri.

Duk da haka in na tuna raina na ɓaci. Kalma ɗaya ce fa, "sare ta da fure", da ya faɗa da ban sha wannan wahalar ba. Kuma tiyar ta biyu da yashi a gindinta. Baɗi zan sake shukawa in Allah ya kai mu, amma da irin da na ɗiba da hannuna, ba zan koma rumfarsa ba.