Karar Fort Worth: shanun sun wuce a minti goma, shingen ne ya riƙe ni

Ƙanina da ke aiki a Dallas ne ya matsa sai mun je. "Yaya, kai da ka girma da kallon fina-finan kaboyi, ka zo Texas ka koma ba ka taka Stockyards ba? Ai da kunya." Daga Dallas zuwa Fort Worth bai kai awa ɗaya a mota ba. Muka isa wajen goma da rabi na safe, rana ta riga ta fara gasa ƙeya.

Stockyards ɗin nan tsohuwar kara ce. Bayan yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, bijimin da bai wuce dala 4 a Texas ba yana iya kai dala 40 a arewacin ƙasar. Shi ya sa makiyaya suka riƙa kora garkuna ta burtalin Chisholm har tashar jirgin ƙasa ta Abilene a jihar Kansas, kuma Fort Worth na cikin zangon da suke yada sanda su yi sayayya kafin su nausa daji. Da dogo ya iso garin a 1876 sai kasuwar ta zauna nan. Daga baya kamfanonin nama biyu, Swift da Armour, suka kafa mayankarsu a gefen karar. A 1944 kaɗai dabbobi sama da miliyan 5 suka bi ta wurin.

Abin da kowa ke zuwa gani shi ne koran shanu a titin Exchange, sau biyu kullum, 11:30 na safe da 4 na yamma, kuma kyauta ne. Tun 1999 ake yi. Mun samu wuri a bakin titi, sai ga mahaya kan dawakai da malafa da kaimi, a tsakiyarsu shanu goma sha wani abu suna tafe kamar masu jin barci. Ba su da tozo ko kaɗan, amma ƙahon! Wani mai roɗi-roɗin ja da fari ya wuce dab da ni, ƙahonsa a shimfiɗe gefe da gefe, na tabbata daga wannan tsini zuwa wancan ya fi tsayina. Yana karkata kai a hankali don kada ya zunguri ɗan'uwansa, kofatonsa na ƙwas-ƙwas a kan jan bulon titin. Dandaƙaƙƙu ne, shi ya sa ba su da rigima. Kafin in gama gyara wayata sun sha kwana. Wanda ya zo da tunanin ƙura da ihu irin na fim, to ya rage buri.

Ni inda na ci riba shi ne bayan ginin Livestock Exchange, wanda aka gina a 1902, inda dillalai ke da ofisoshi a da. Akwai wata gadar katako da ta bi ta saman tsofaffin shingayen dabbobi. Ka hau ka leƙa ƙasa: ɗaki-ɗaki na katako da rana ta cinye, ƙofofi masu sakatar ƙarfe, daɓen bulo da ciyawa ta tsiro a tsakaninsa. Ta nan masu saye ke bi suna duba kaya daga sama ba tare da sun taka kashi ba. Armour ya rufe a 1962, Swift a 1971, domin manyan motoci sun karɓe jigila daga hannun jirgin ƙasa, ciniki ya koma kusa da inda ake kiwo. Mutane ƙalilan ne a kan gadar. Na fi awa ɗaya a wurin, har ƙanina ya gaji ya ce, "Yaya, katako fa kake kallo."

A gaban Cowtown Coliseum, zauren da aka gina a 1908, akwai mutum-mutumin tagulla na Bill Pickett yana kokawa da sa. Baƙar fata ne, kuma shi ya ƙirƙiro salon dirowa daga kan doki a kama ƙaho a kayar da sa, har da cizon leɓensa. Fina-finan da na kalla ina yaro ba su taɓa nuna mini cewa da yawa daga makiyayan nan baƙaƙe ne da 'yan Meziko ba. A zauren ake wasan rodiyo, wato gasar kaboyi ta hawan dawakai da bijimai, daren Juma'a da Asabar, mu kuwa Laraba muka je.

Shaguna kam a yi hattara. Na gwada wata malafa a wani shago, na juya takardar kuɗin, na mayar da ita a hankali kamar ƙwai. Gidan abincin da muka shiga kuma mun yi kusan minti arba'in kafin a kula mu, sannan sai da na tambaya aka gaya mini waken da aka haɗo mana da naman alade aka dafa shi. A tambaya tun kafin a kawo.

In zan koma, koran ƙarfe 4 zan nufa ranar Juma'a, in hau gadar da sanyin la'asar, in tsaya rodiyo da dare. Ruwan sha kuma daga gida zan ɗauko.